Idan Allurar Geji Ta Haura: Matsin Ruwan Zafi Daga Tukunyar Ɗumama Gida Zuwa Hita Da Lagireto

 

Gabatarwa

Ƙasar Hausa ba baƙuwar ruwan zafi ba ce. Gidan da aka yi haihuwa, safe da yamma ana hura wuta a dafa ruwan wankan jego har a yi arba'in. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tsofaffi na jawo kaskon wuta, masu gadon ƙasa su zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Mata masu turara shinkafa kuwa kusan kullum a gaban tafasasshen ruwa suke wuni. Sai dai duk waɗannan tukwane bakinsu a buɗe yake, ko kuma murfin ɗorawa kawai aka yi. Ruwa ya tafasa, tururi ya ɗaga murfi ya yi gaba. Wanda bai kula ba ya ƙone, amma tukunya ba ta fashewa.

Kayan da suka shigo daga baya ba haka suke ba. Hitar da ake maƙalawa a bangon banɗaki, lagireton mota da na tarakta, tukunyar dafa wake mai murfin kulle, ɗan tankin da ke kan injin tura ruwa, da durom ɗin da mai walda ya liƙe ya mayar tukunyar turara shinkafa, duk a rufe suke ruf. A cikinsu ne ake samun abin da makanikai ke kira furesha, wato matsi.

Na'urar da ta fi bayyana wannan al'amari a fili ita ce tukunyar ɗumama gida ta ƙasashen sanyi, domin tana da geji a gabanta, kuma kowace matsala tana da irin motsin da take sa allurar gejin ta yi. 'Ya'yan yankin Damari, Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara da ke karatu ko aiki a Landan da Mancesta da Toronto suna kwana da ita a gidajen haya. Na gida kuwa, wanda ƙwararren mai gyara ke masa nisa sai an je Funtuwa ko Zariya, idan ya fahimci yadda ake gano ciwonta, ya fahimci na hitarsa da na motarsa.

Abin da zafi ke yi wa ruwa

Ruwa na kumbura idan ya sha zafi. Lita 100 da aka ɗumama daga digiri 10 zuwa digiri 80 a ma'aunin Selshiyas tana ƙara kusan lita 3. A buɗaɗɗiyar tukunya ba wanda zai lura. A rufaffen bututu kuwa lita ukun nan dole ta sami wurin zama, kuma ruwa ba kamar iska ba ne, ba ya matsuwa. Idan babu wuri, sai ya hau tura ƙarfe.

Ma'aunin da aka fi rubutawa a jikin geji shi ne bar. Bar 1 daidai yake da nauyin ruwa mai tsayin mita 10, don haka tankin da ke kan hasumiya mai mita 5 rabin bar yake ba famfon gida. A gejin mai faci, bar 1 ya kai kusan 14 da rabi, wato tayar motar da aka bugawa 32 tana ɗauke da bar 2 da 'yan kai.

Abu na biyu ya fi na farko haɗari. A bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100, a tudun Funtuwa da kewaye kuma a kusan 98. Amma matsi na hana shi tafasa. A bar 1 sai ya kai digiri 120, a bar 8 sai ya kai kusan 175 yana nan a ruwansa. Da zarar ƙarfe ya tsage matsin ya faɗi, wani kaso na ruwan nan take zai rikiɗe tururi, shi kuwa tururi yana cin wurin da ya ninka na ruwa sau 1,600 ko fiye. Hita mai lita 50 da ta kai wannan zafi za ta iya sakin tururi sama da lita 10,000 a cikin ƙiftawar ido, a cikin banɗakin da bai fi taku uku ba.

Yadda duniya ta koyi darasin

A shekarar 1679 wani masanin Faransa, Denis Papin, ya ƙera tukunyar dafa ƙashi mai rufaffen murfi, ya sa mata wata 'yar ƙofa da nauyi ke dannewa, wadda ke buɗe kanta idan tururi ya yi yawa. Ita ce kakar duk wani bawul ɗin tsaro da ake amfani da shi yau.

Samun bawul bai hana ganganci ba. Ranar 27 ga Afrilu, 1865, jirgin ruwan Sultana ya fashe a kogin Misisifi kusa da birnin Memfis na Amurka. An yi wa tukunyarsa faci cikin gaggawa, aka kuma loda masa mutum sama da 2,000 alhali izininsa 376 ne. Sama da mutum 1,100 suka halaka. Ranar 20 ga Maris, 1905, tukunyar wata masana'antar takalma a garin Brockton na jihar Massachusetts ta tashi ta fasa bene ta fita, mutum 58 suka mutu. Bayan wannan ne jihar ta kafa dokar tukwanen tururi, ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME kuma ta tsara ƙa'idojinta a 1914, waɗanda har yau masana'antun duniya ke bi.

Kada a ɗauka sai manyan injuna ke yin wannan ɓarna. Ranar 19 ga Janairu, 1982, hitar ruwa ce ta ɗakin girkin wata firamare a garin Spencer na jihar Oklahoma ta fashe, ta kashe yara 6 da malama ɗaya. Bincike ya nuna wutar hitar ta ƙi mutuwa, bawul ɗin da zai cece ta kuma an taɓa shi ta yadda bai iya aikinsa ba.

Dattawan wannan yanki sun ga tukunyar tururi da idonsu. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma jiragen farko da suka kwashi auduga da gyaɗa a kansa kwal suke ci, tururi ke jan su. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta wa tukwanen tururi na masana'antu bawul ɗin tsaro da geji da dubawar jami'i lokaci-lokaci. Sai dai jami'in nan ba ya shiga banɗakin kowa. A gida, mai gida ne mai dubawa.

Tukunyar ɗumama gida da sassanta

A gidan Ingila, tukunyar wani farin akwati ne a bangon kicin, yawanci gas take ci. Tana dafa ruwa zuwa digiri 60 ko 80, ɗan injin turawa ya zagaya da shi ta bututu zuwa lagiretocin da ke jikin bangon kowane ɗaki, ya dawo a sake dafa shi. Ruwan nan ɗaya ne yake ta kewayawa, ba ya fita.

Abubuwa huɗu ke riƙe da matsinta. Na farko geji: idan tukunya ta huce, allura na zama tsakanin bar 1 da 1.5, idan ta ɗau zafi ta ɗan ɗaga zuwa wajen 2. Na biyu tulun iska, wani jan tanki mai cin lita 8 zuwa 10, wanda tantanin roba ya raba cikinsa biyu, ruwa a gefe guda, iska a ɗaya gefen. Idan ruwa ya kumbura sai ya tura robar, iskar ta matsu ta ba shi wuri. Yana da bawul irin na tayar mota, da famfon keke ma ana buga masa iska, kusan bar 1. Na uku bawul ɗin tsaro, wanda ke buɗewa a bar 3 ya zubar da ruwa ta wani siririn bututun tagulla zuwa bayan gida. Na huɗu tiyon cikawa, mai makunna biyu, wanda ake buɗewa a ƙara ruwan famfo idan matsi ya yi ƙasa.

Karanta allura

Ƙwararren mai gyara ba ya fara kwance komai. Yakan kashe tukunyar ya bar ta ta huce, ya duba geji, sannan ya kunna ya tsaya yana kallon allura. Motsinta iri uku ne, kowanne da mai laifinsa.

Idan allura tana sama tun tukunya na sanyi, a ce bar 2.5, kuma ta tsaya cak ba ta ƙaruwa, to an cika ruwa ne ya wuce kima. Wannan ya fi faruwa da sabon ɗan haya da ya buɗe tiyon cikawa ya shagala. Maganinsa a hannun mai gida yake: ya tara kwano a ƙarƙashin ɗan bawul ɗin da ke saman lagireton ɗaki, ya buɗe shi da ɗan makullinsa, ruwa ya fita a hankali har allura ta sauko wajen 1.2.

Idan kuwa allura tana daidai da sanyi, amma da an kunna wuta sai ta yi tsalle ta doshi 3 cikin mintuna kaɗan, ruwa ya fara zuba ta bututun waje, washegari kuma a tarar da ita ta faɗi ƙasa da inda take jiya, to tulun iska ne ya gaza. Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Suna ganin matsi ya faɗi da safe sai su ƙara ruwa, da yamma ya sake zubewa, a yi ta haka har wata guda, alhali ba yoyo ba ne, wurin kumbura ne babu. Gwajinsa sauƙi ne. A danna ɗan tsinken da ke cikin bawul ɗin tulun. Idan ruwa ya fito, roba ta huje, sai sabon tulu. Idan ba iska ba ruwa, iskar ce ta sace, sai a sauke matsin ruwan tukuna sannan a buga sabuwa. Idan iska na nan daidai amma matsalar ba ta gushe ba, a duba siririn tiyon da ya haɗa tulun da tukunya, domin laka da tsatsa na toshe shi.

Idan allura na hawa a hankali ko da tukunya a kashe take, to ruwan famfo na satar hanya yana shiga. Ko dai makunnin tiyon cikawa bai rufu sosai ba, ko kuma faifan ƙarfen da ke raba ruwan ɗumama da ruwan wanka ya yi ƙaramin huji. A rufe makunnan biyu a cire tiyon gaba ɗaya. Idan hawan ya tsaya, an kama ɓarawo. Idan bai tsaya ba, a rufe ruwan sanyin da ke shiga tukunyar, in allura ta natsu to faifan ne.

Akwai kuma lokacin da gejin kansa ke ƙarya, allura ta maƙale ko bakinsa ya toshe, don haka mai gyara ke ɗaura nasa ya gwada. Bawul ɗin tsaro kuma, da zarar ya taɓa buɗewa, yashi na iya zama a bakinsa ya ci gaba da ɗiga bayan an gyara ainihin matsalar.

A Birtaniya iyakar mai gida ita ce rage ruwa da rufe makunni. Buɗe cikin akwatin aikin injiniya ne mai rajista da Gas Safe, tsarin rajistar masu gyaran gas da ya maye gurbin na CORGI a 2009. Ɗalibin da ke haya ya sanar da mai gidan, ya kuma ɗauki hoton gejin da sanyi da kuma da zafi, domin hotuna biyun nan kan gaya wa injiniya rabin labarin kafin ya iso.

Hitar banɗaki

Dalilai uku, wato ruwa ya shiga da yawa, wurin kumbura babu, ko wuta ta ƙi mutuwa, su ne dai ke tayar da matsi a Damari ma.

Hitar bango mai lita 30 ko 50 ba ta da tulun iska. Kariyarta biyu ce: tamostat mai yanke wuta idan ruwa ya yi zafi, da ɗan bawul ɗin tagulla da ke kan bututun shigar ruwan sanyi. An buga lambarsa a jikinsa, yawanci tsakanin bar 6 da 8. Hita mai lita 50 da ta ɗaga ruwa daga digiri 20 zuwa 65 tana samun ƙarin kusan lita 1, kuma ta bakin bawul ɗin nan yakan ɗigo. Wannan ɗigo alamar lafiya ce.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake. Uwargida ta yi ƙorafin bango na jiƙewa, mai gyaran famfo ya zo ya toshe bakin bawul da ƙusa ko gam, ko ya cire shi ya haɗa bututu kai tsaye. Bayan wata shida tamostat ya ƙone, mai gyaran wuta ya ce ba a samunsa sai Kano, ya haɗa waya dairek, ya ce a riƙa kashewa da hannu. Kowannensu ya karɓi kuɗinsa an yi masa godiya, bai san abin da ɗan'uwansa ya yi ba. Sai wata rana a bar makunni a kunne don babu wuta, a kawo ta da ƙarfe biyun dare kowa na barci. Halin da hitar makarantar Spencer ta shiga ke nan.

Abin yi a bayyane yake. Idan ɗigon sai lokacin da hita ke aiki, a ɗaura wa bakin bawul siririn tiyo zuwa magudana. Idan yana zuba dare da rana har da hita a kashe, ko yashi ya shiga bawul, sai a ɗaga ɗan hannunsa a wanke shi, ko kuma injin tura ruwa na bugowa da ƙarfin da ya wuce kima, sai a rage shi. Idan famfon ruwan zafi na tofar da tururi, hita na ruri, a kashe wuta daga babban makunni, a fitar da yara, a bar ta ta huce kafin kowa ya matsa kusa. Kada a sa makunnin rufewa tsakanin hita da bawul ɗinta. Inda ruwan rijiya ke da zartsi ko laka, a riƙa ɗaga hannun bawul kowane wata don kada ya daskare. Digiri 60 ya isa wanka.

Ɗan tankin da ke kan injin tura ruwa shi ma tulun iska ne. Idan injin na kamawa yana saki duk bayan daƙiƙa kaɗan, iskar tulun ta ƙare, kuma gwajin danna tsinke shi ne dai.

Lagireto, tukunyar wake da durom

Murfin lagireto ba murfi ba ne kawai, bawul ɗin tsaro ne. Lambar 0.9 ko 1.1 da ke kansa bar ce. Shi ke riƙe ruwa har wajen digiri 120 bai tafasa ba, idan matsi ya wuce ya saki rarar zuwa robar da ke gefe. Robar nan tana da layi biyu, kuma wurin da aka bari sama da layin shi ne wurin kumbura, don haka ba a cika ta fal. Direban da ke ɗaukar masara daga kasuwannin wannan yanki zuwa Funtuwa ya lura da alama ɗaya: idan da sassafe, injin bai ɗumama ba, babban tiyon sama ya yi tauri da an tayar da mota, ruwa na kumfa a bakin lagireto, to gaskit ya ƙone, hayaƙin injin na shiga ruwa. Canja murfi ba zai yi magani ba. Buɗe murfi kuma mota na zafi shi ke ƙona fuskar yaran mota, domin ruwan da ya wuce digiri 100 nan take yake tashi.

Tukunyar dafa wake mai kulle tana aiki a kusan bar 1, digiri 121, kamar na'urar da asibitoci ke dafa kayan tiyata da ita. Ba a cika ta ta wuce kashi biyu cikin uku, wake da sauran masu kumfa kuwa rabi. Kafin a rufe a ɗaga murfin sama a ga haske ta ɗan hujin tururi. Idan ɗan roban tsaro ya tashi, a nemi irinsa, kada a ɗaure wurin da noti.

Durom ya fi buƙatar jan kunne, domin masu walda na ƙera wa mata da ƙungiyoyin manoma tukwanen turara shinkafa da shi. An yi durom don ajiyar mai, ba don riƙe matsi ba. Faɗin murfinsa kusan santimita 57 ne, kuma matsin bar 1 kacal na ɗora wa murfin nan nauyin tan 2 da rabi, kwatankwacin buhun masara 25. Babu waldar bakin titi da za a dogara da ita a kan haka. Tukunyar turara shinkafa ba ta buƙatar matsi, tururi kawai take so. A bar mata faffaɗan bututun fita a buɗe, wanda ba shi da makunni kuma ƙaiƙayi ba zai toshe shi ba.

Kammalawa

Kira na farko ga masu gyaran famfo da masu gyaran wuta na Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara: kada a bar hita tana aiki babu bawul ko babu tamostat. Idan kayan gyara bai samu ba, a cire wayarta a gaya wa mai gida dalili. Na biyu ga masu shagunan kayan gini: a sayar da hita tare da bawul ɗinta, a kuma ajiye na canji masu inganci, domin rashinsu ke tura masu gyara ga ƙusa da gam. Na uku ga masu walda: duk abin da za a ɗora a wuta da ruwa a ciki, a bar masa mafita. Na huɗu ga ƙananan hukumomin uku: dakunan shan magani da makarantun kwana da ke da hita ko tukunyar dafa kayan aiki su sami mai dubawa ko sau ɗaya a shekara, kafin hunturu ya kama.

Kowane magidanci mai hita a gidansa, yau ya leƙa ƙarƙashinta ya duba bututun ruwan sanyi. In ya ga ɗan bawul ɗin tagulla kuma bakinsa a buɗe, ya ɗaga hannunsa ya tabbatar ruwa na fita. In bai gan shi ba, ko ya tarar an toshe shi, ya kashe hitar, kada a sake kunna ta sai an sa sabo.

Allah ya tsare mu da iyalanmu.